Mutum Uku a Takardar Gidan Idrisa

N'Gelbeli, 12 ga Afrilu

Zuwa ga Malama Mansura, rele ta lafiya, mai bin gidajen marasa lafiya, Diffa.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kina lafiya, ke da iyalinki.

A'i ta rasu ranar Talata, 8 ga wata, da hantsi, a asibitin Maine. Shekarunta biyu da wata biyar. 'Yar ƙanwata Juwairiyya ce, da Idrisa mai noman tattasai a bakin kogin Komadugu, wanda kike bai wa maganin tarin fuka tun Disamba. Ni Lurwanu ne, malamin makaranta a nan, Mushe kamar yadda ake kiran malamai. Ba mu taɓa haɗuwa ba.

Likitan da ya duba ta ya ce ciwon mahaifinta ne ya hau mata kai. Ya ce yaron da bai kai shekara biyar ba, in ya kwana ɗaki ɗaya da mai tarin fuka, akwai maganin kariya da ake ba shi kyauta, kuma aikin rele ne ta bi gida ta rubuta kowa. Idrisa ya gaya mini mutum uku aka rubuta a gidansa: matarsa, mahaifiyarsa, da ƙanensa Muhsinu. Ya ce ke kika rubuta.

Ba ƙara nake shirin kaiwa ba. Ina so in san yadda aka yi. Waya ba ta kamawa sosai a nan, kuma wannan ba maganar waya ba ce. Ki ba Bubakar, direban motar kasuwa, amsa.

Ki huta lafiya.
Lurwanu

Diffa, 16 ga Afrilu

Mushe Lurwanu,

Wa alaikumus salam. Ya haƙuri? Allah ya ba ku dangana, ya sa mai ceto ce.

Ranar Alhamis Idrisa ya zo shan magani. Ya zauna kan benci, ya haɗiye ƙwayoyinsa a gabana, ya miƙo mini kofin, sannan ya ce, “Madam, na binne ɗiyata shekaranjiya.” Na ce wace ɗiya. Wata huɗu ina ganin mutumin nan kusan kowace safiya. Kafin rasuwar, da zai tafi garinku, ya karɓi maganin kwana huɗu, abin da ya ce mini kawai akwai mara lafiya a gidan surukansa.

Ga yadda aka yi. Na je gidan 18 ga Disamba. An shanya tattasai ko'ina a tsakar gida, kowa na tari da atishawa, abin da ya sa Idrisa ya yi wata uku yana cewa yajin tattasai ne ya kama masa ƙirji. Na zauna da Juwairiyya, surukarta na gefe tana tsinke hancin tattasai. Na ce su wa ke kwana a gidan nan. Ta lissafa. Na ce akwai yara? Ta dubi tsohuwar, ta sunkuyar da kai, ta ce, “Babu yaro a gidan nan.”

Ba ƙarya ta yi ba. Kwana tara kafin nan an kai yarinyar wurinku yaye, saboda ciki ya shiga.

An koya mana mu tambayi wanda ya kwana a ɗakin tun wata uku baya. Ban tambaya haka ba. An koya mana mu keɓe da mace. Ban keɓe da ita ba. Tsohuwar ba ta jin Hausa sosai, Barbarcina kuma na kasuwa ne, sai na bar ta. Akwai wata 'yar riga ruwan ɗorawa a kan igiya. Na gan ta. Na ce a raina ta maƙwabta ce, don gida shida ke jirana.

Mushe, ni ma 'yar Damagaram ce kamar ku. Uwata har ta koma ga Allah ba ta kira sunan yayana ba. Na san mace ba ta ambaton 'yar fari, balle gaban uwar miji. Da baƙuwa ce ta yi kuskuren nan da sai a ce ba ta sani ba.

Na gaya wa majo, shugaban asibitinmu, duk wannan. Yanzu tambaya ɗaya gare ni: ya jikin Juwairiyya?

Ka gaida Inna mahaifiyarku, in za ta karɓi gaisuwata.
Mansura

N'Gelbeli, 21 ga Afrilu

Malama Mansura,

Bayan gaisuwa. Takardarki ta iso, na karanta wa mahaifiyarmu, Juwairiyya na bayan labule tana ji.

Inna ta ce, “Wannan 'yar lekol ɗin, 'yar boko, ina aka taɓa tambayar uwa 'yar fari? Kaka ake tambaya.” Sannan ta ce, “To ni kakar, mako shida yarinya na zazzaɓi a cinyata ina cewa kewar nono ne.” Ta karɓi gaisuwarki.

Tun da kin faɗi naki, ga nawa. Na san Idrisa na shan maganin tarin fuka. Na san yarinyar daga ɗakinsa aka kawo ta. Ni ke karanta wa mutanen garin nan takardun asibiti, amma ban haɗa abin nan biyu ba sai da wuyanta ya sanƙare.

Game da tambayarki. Juwairiyya tana nan gidanmu tun rasuwar, tana tari, yau mako uku. Tana tashi da rigarta jiƙe da zufa. Cikinta wata bakwai, amma warwaronta na zamewa har gwiwar hannu. Na ce mu je a gwada kakinta, ta ƙi. Na ce don abin da ke cikinta. Ta ce, “Yaya, bakina ne ya ce babu yaro. Ga shi nan babu.” Ta ce in tarin ne, a bar shi ya yi aikinsa. Idrisa ya aiko sau biyu, ba ta amsa ba.

Tana kwana ɗaki ɗaya da Inna da 'ya'yana biyu.

Ban san abin da za ki iya ba. Na ga dai lokacin da nake karanta maganar rigar nan ne kaɗai ta motsa.

Nagode.
Lurwanu

Diffa, 24 ga Afrilu

Juwairiyya,

Ina gaishe ki, ina yi miki ta'aziyya. Mushe zai karanta miki wannan.

Ba gafara na zo nema ba, ban kai nan ba tukuna. Abu ɗaya nake so ki ji: ke amsa kika ba da, ni ce mai tambaya. Kin yi abin da aka tarbiyyantar da ke a kai. Ni ce aka koya wa yadda zan kewaye kunyar nan, aka ba ni takarda da biro, na zauna gabanki na yi gaggawa.

Gwajin da aka yi miki a Disamba bai nuna komai ba, amma ciwon yakan kwanta ya tashi daga baya, musamman ga mai ciki. In shi ne, ana warkewa, kuma maganin ba ya taɓa ciki. In kuwa kika haihu kina tari ba magani, a ƙirjinki jaririn zai kwana. Na riga na bar ɗa ɗaya naki a wajen takarda.

Majo ya ba ni izinin zuwa da kwalaben gwaji. Ba zan tako gidanku ba sai kin ce in zo.

Ga tambayar yadda ya kamata in yi ta tun farko. Tun daga watan Satumba zuwa yau, wa da wa suka kwana ɗaki ɗaya da Idrisa ko da ke? Wanda ke nan da wanda ya tafi, babba da yaro.

Allah ya sauke ki lafiya.
Mansura

N'Gelbeli, 28 ga Afrilu

Madam Mansura,

Ina gaishe ki. Yaya ke rubutawa, ni ke faɗi.

Rigar da kika gani tata ce. Na wanke ne in aika mata da ita, na yi ta jiran mai zuwa. Da kika dube ta na ga kin duba. Na ce a raina in ta sake tambaya zan faɗa. Ba ki sake ba, ni ma na ji sanyi da ba ki sake ba.

Ga mutanen. Ki rubuta A'i a farko. A'ishatu Idrisa. Ta kwana tsakanina da ubanta har ranar da aka tafi da ita. Sai Inna. Sai Hafiz da Rashida na Yaya, shekara huɗu da shekara bakwai. Sai wanda ke cikina, ban san ko ana rubuta shi ba.

Ki zo ran kasuwa. Ki ce wa Idrisa kada ya bar shan maganinsa.

Juwairiyya

Ƙari daga Lurwanu: Na rubuta yadda ta faɗa, ban gyara ba. Tun da aka haifi yarinyar ban taɓa jin sunanta a bakin uwarta ba sai yau, kuma gaban Inna ta faɗe shi. Inna ta tashi ta fita.

Diffa, 5 ga Mayu

Mushe Lurwanu,

Bayan gaisuwa, na iso lafiya, nagode da karɓar da kuka yi mini.

Gwajin Inna ya fito, babu komai. Hafiz da Rashida ku kawo su likita ya duba su, in ya ga lafiya lau za a fara musu maganin kariya. Takardar gidan Idrisa na gyara ta, majo ya sa hannu. Sunan A'i na layin farko, da ranar rasuwarta.

Kwalbar Juwairiyya ta farko yawu ya yi mata yawa, ba ta gwadu ba. Ta biyu, wadda ta ba ni da safen da zan taho, tana labo, ɗakin gwaji. Sun ce sakamako sai Laraba.

Ka gaida gida.
Mansura