Ɓeraye Sun Bar Rumbun Baba

Unguwar Lalle,
Ƙarshen watan Sha'aban.

Zuwa ga Yayana Jibrilla,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, ina fata takardar ga ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Jamilatu da ɗiyanku, da duk 'yan garinmu da ke nan Shagamu. Allah shi ƙara maka lafiya da nisan kwana, shi sa albarka ga cinikin goronka, shi kai mu watan azumi da rai da imani, amin. Mu ma nan sai godiya. Baba yana nan lafiya, ban da ciwon gwiwar da ka sani. Illo ƙanenmu yana nan da zafin kansa, matarsa Bilki kuwa cikinta ya tsufa. Habi tawa ta yi ƙyanda amma ta tashi, har ta koma ɓarna. Zancen fari ba sai na ba ka labari ba, kun ji a rediyo. Rijiyar unguwa ta ja, sai mun tafi cikin gulbi mun yi tono kafin mu sami abin ɗorawa a wuta, hatsi kuwa a kasuwar garin Isa ya zama abin kallo.

Za ka ga rubutun ya karkace. Da hannuna na yi shi, da ɗan abin da na tsinta a ajin yaƙi da jahilci, don ban yarda maganar ga ta bi ta kunnen mai rubuta wa mutane wasiƙa ba. Ka daure ka karanta har ƙarshe, kuma ka karanta kai kaɗai.

Ka san tun da na dawo gida bayan rasuwar uban Habi, Inna kuma ta bar mu a kaka, girkin gidan ga a wuyana yake. Amma ɗakin ajiyarta na jikin madafa ban taɓa shi ba, ina shiga in ɗebi abin da za ni ɗiba in fito, don zuciyata ba ta ɗauka. To sai ga ɓeraye sun far mana. Wallahi Yaya, ban taɓa ganin irinsu ba. Da rana tsaka suke tsere a kan ƙafar mutum, sun huda buhun dusa, sun ci gefen faifai, har sabulun wanki ba su bari ba. Ranar da na buɗe kabad ɗin katakon da ka sayo wa Inna, na iske kashinsu cikin garin kuka, na ce a'a, abin ya isa haka. Ga azumi ya ƙarato, ba za ni dafa wa masu azumi abinci cikin ƙazanta ba. Na ɗaure ɗamara, na ce da Bilki ta shimfiɗa tabarmi a tsakar gida, komai da ke cikin ɗakin nan sai ya fito ya ga rana.

Allah shi jiƙan Inna, amma baiwar Allah ba ta san yar da abu ba! Ƙorai masu ɗinki a kan ɗinki, ludayi babu mariƙi, murafen samira waɗanda kwanoninsu sun mutu tun muna yara, gwangwanayen madara fal kwando, kwalabe, tandun mai da ya bushe ya ƙandare, da ƙunshe-ƙunshen tsumma waɗanda in ka kwance sai ka iske kanwa, ko jiƙo, ko abin da ba wanda ya san sunansa. Akwai daddawar batso a wata 'yar tukunya wadda na rantse ta girmi Habi. Akushinka na yarinta ma yana nan, wanda ka fasa wa baki ka ce akuya ce ta taka, to ga shi na adana maka shaida. Ina yi ina dariya, ina yi ina hawaye. Bilki kuwa taimakonta bai wuce ta ɗaga abu ta ce wannan ai da sauransa ba, sai da na ce mata in ta kuma za ni tura shi ɗakinta. Abin da gara ta ci na cusa a murhu, abin da ke da sauran amfani amma ya yi mana yawa na ware gefe don masu so. Na share ɗakin, na toshe ramuka da laka da fasassun kwalabe, na ɗora kabad bisa duwatsu, na rataye kayan miya a ragaya inda haƙori ba ya kaiwa. Tukwanen ajiya na ƙasa kuwa na wanke su na jera jikin bango.

Nan ne dariyar ta ƙare. Da, hatsin a warwatse yake, kaɗan a buhu, kaɗan a tukunya, kaɗan a ƙwarya, sai ido ya riƙa ganin kamar da yawa. Da na haɗa shi wuri guda, tukunya ɗaya bai cika ba. Na auna da tiya, na sake aunawa ko na yi kuskure. Ko da tuwo sau ɗaya za mu riƙa yi, a ƙara da dusa da tafasa, ba zai wuce tsakiyar azumi ba. Sai na lallashi kaina da cewa ai ga rumbun Baba can a liƙe, kuma kowa ya sani shi ne abincin noma, irin shuka ma a cikinsa yake.

Ina cikin wannan tunani ne na jawo kabad don in share bayansa, sai ga sheƙar ɓera da jajayen ɗiya a ciki. Na tsaya da tsintsiya a hannu. Yaya, kai ma ka yi tunani: wane ɓera ne zai bar rumbu cike da dammunan hatsi, shi zo shi haihu a inda yake gugar sabulu da tsohuwar ƙwarya? Na fita na zagaya bayan gida kamar mai shara. Ka tuna yadda ƙarƙashin rumbun nan yake, kullum da ƙaiƙayi da kashin ɓera, kaji suna ta tono a wurin har Inna tana korarsu. Na duƙa na duba, wurin tas, ko tururuwa babu. Sai a lokacin na lura kajinmu sun daɗe da daina zuwa can. Na ƙwanƙwasa cikin rumbun da gindin tsintsiya, sama da ƙasa, ya amsa mini kamar randar da babu ruwa. Ka san ɗiya mace ba ta leƙa rumbun ubanta. Ban leƙa ba, kuma ba za ni leƙa ba, amma na gane ba komai a ciki.

Washegari Hajo ta zo, matar Bafillacen nan abokin Baba da ke ruga wajen Burkusuma, wanda shanunsa sunka ƙare bara. Ta ji ina rabon ƙorai ne ta zo ko za ta samu. Na tara mata har da murafen samira. Tana ɗaurewa sai ta fashe da kuka, ta shiga sa wa gidanmu albarka, wai ba su gama godiyar hatsin kaka ba ga kuma wani alheri. Na ce wane hatsi? Ta ce ai dammunan da Baba ya kai musu bisa jaki da kansa, da ba don su ba da ta binne ɗiyanta. Ta ce ba su kaɗai ba, akwai gidan makaho na bakin kasuwa, da wasu mata da mazansu sunka tafi ba su dawo ba, kuma ya roƙe su kada su faɗa. Da ta ga fuskata sai ta kama bakinta. Nan lissafin ya fito mini. Lokacin girbi ni da Illo muna asibiti muna jinyar Inna, Baba shi kaɗai ya kwaso ɗan abin da gona ta bayar, shi kaɗai ya liƙe bakin rumbu ya aza jinka. Da munka dawo da gawa, wa ke da hankalin tambayar dami nawa anka samu?

Ba za ni ɓoye maka ba, na yi fushi. Na kwana biyu ina kai masa tuwo ba na iya duban fuskarsa. Ga jikarsa, ga mai ciki a gida, shi kwashi abincinsu shi kai daji! Can kuma in na tuna ɗiyan Hajo sai fushin ya rasa inda zai tsaya. Baba ne, ka san shi, tun muna yara ba a yi masa kuka shi juya baya. Har yanzu ban san ko haushinsa nake ji ko tausayinsa ba.

Kuma ina jin ya san na sani. Ya iske ni a gindin rumbun da hantsi, ya tambaye ni abin da nake nema. Na ce shara nake. Ya dogara bisa sandarsa, ya ce wurin ba ya bukatar shara. Ya tambaya ko hatsin madafa zai kai mu Salla, na ce zai kai, Allah shi yafe mini. Ya ce madalla, sa'annan ya ce in riƙa rage masa tuwo, wai cikinsa ba ya son nauyi yanzu. Tun ranar rabin malmala yake ci, sauran shi tura wa Habi. Rigarsa har ta fara yi masa yawa.

Babbar damuwar ita ce Illo. Samarin unguwa duk sun watse Kudu, shi ma ya sa rigima sai ya sayar da jaki ya bi su, wai ba zai zauna yana kallon sama ba. Baba ya hana. Sun yi ta yi har maƙwabta sunka shigo. A gaban mutane Baba ya ce masa shi zauna shi yi noma, ranar da ruwan shuka ya sauka zai fasa bakin rumbu, iri da abinci duk suna ciki. Illo ya ce ya ji, zai jira ruwan fari. Yanzu kullum yana gyaran gona yana wasa kalme, har yana yi wa Bilki alkawarin fura mai kauri ranar da anka buɗe. Ka san bakin Illo in ransa ya ɓaci. In ya hau rumbun nan ya leƙa ya ga wayam, zai faɗa wa Baba maganar da ba ta ɗebuwa, a gaban waɗanda sunka ji alkawarin, sannan shi saɓa jaka shi tafi. Gona ta kwana ba shuka ke nan, kuma ban ga yadda tsohon nan zai sake fita masallaci shi haɗa ido da mutane ba. Ban san abin da Baba yake jira ba da ya yi wannan alkawari. Ina jin kwana kawai yake saye, yana jiran Allah.

To ga abin da nake roƙonka, don girman Allah da darajar Inna. Duk abin da Allah ya hore maka, ka ba Usmanu direba, mai kawo maka takardar ga, shi kai wa Kawu Amiru a Bafarawa. Kawu ya san masu sauran irin hatsinmu na gida, don na wani wuri ba ya yi a ƙasarmu. Shi sayi iri, shi sayi na ci, a kawo da rana kowa yana gani, a ce kai ne ka aiko da kayan azumi. Wurin zubawa ba matsala, ga tukwane nan na wanke. Sa'annan ka rubuto wa Baba takarda daban, wadda za a karanta a zaure Illo yana ji. Kada ka nuna ka san komai. Ka roƙe shi alfarma, ka ce tunda ba wanda ya san yadda daminar bana za ta kasance, kada shi buɗe rumbu, shi bar shi a liƙe don gaba, a ci naka a shuka naka. In daga bakinka ta fito, kai ne babba, Illo ba zai ja ba, Baba kuma ya sami inda zai fake. In Allah ya ba mu kaka, sai a cika rumbun a rufe zancen, har abada daga ni sai kai. Na san kai ma kana da nauyi a kanka, kuma ban taɓa roƙonka ko ɗan kwali ba. Wannan karon na roƙa, kuma kada ka jira sai azumi ya yi nisa.

Ka gaishe mini da Jamilatu da kyau, ka ce mata kukar da ta sa in daka mata ɓera ya riga ta, sai wani jiƙon. Ka shafa mini kan Halliru da Larai da ɗan auta Atiku. Baba yana sa muku albarka kullum bayan salla. Illo da Bilki suna gaisuwa, Habi ta ce a gaya wa Kawunta tana son takalmi.

Ina cikin rubuta gaisuwar ga iska ta juya. Hadari ya haɗu a gabas, baƙi ƙirin, irin wanda munka shekara muna roƙo. Yara sun cika hanya da ihu, mata suna fito da tukwane, Illo ya shigo da gudu yana neman tsanin hawa rumbu. Wataƙila iska ce kawai za ta yi ta watse, Allah kaɗai ya sani. Baba yana zaune a gindin rumbu da tasbaha, duk gidan shi kaɗai ne bai ɗaga kai ya dubi sama ba. Yaya, gari duka yana cewa Allah shi saukar, ni kuwa na buɗe baki na rasa abin da za ni roƙa. Usmanu yana ƙofar gida yana jira, ka yi sauri.

Wassalam. Ni ce ƙanwarka,
Zulaihatu.