Rijista ta Tara da Alkamar Gidaɗo

Bunkure, 16 ga Janairu, 1978

Takarda ta fito daga hannun kawunka Sada zuwa ga ɗana Lukmanu a ɗakin kwamfuta, Zariya. Gaisuwa mai yawa da so da yarda. Ina fatan kana lafiya kamar yadda muke nan. Mahaifiyarka tana gaishe ka.

Bayan haka, ina sanar da kai an karɓe makullin ƙofar ruwa ta kanal na uku daga hannuna ranar Laraba. Alkamar mutanen ƙarshen kanal ta bushe, tun daga gonar Baballe har ta Gidaɗo, alhali ta farkon kanal shar take. Gidaɗo ka san shi, Bafulatanin nan da ya sayar da shanunsa huɗu bara ya shiga noman rani. Ya tsaya gaban jama'a a kasuwar Bunkure ya ce na karkatar da ruwansu na ba masu tumatir.

Babban jami'i ya kira ni ofis a Kura. Na nuna masa takardar da kuke aikowa duk mako, mai faɗin awa nawa za a buɗe ƙofa. Na ce ban ƙara ba, ban rage ba. Sai ya zaro wata takarda ya ce an tambayi Zariya, an ce lissafi daidai yake, inji ba ya kuskure. Na ga sa hannunka a ƙasanta. Na ajiye makulli na fito.

Ba ƙararka na kawo ba. Ina so dai ka sake dubawa, ko sau ɗaya ne.

Haza wasalam.
Kawunka, Sada

Zariya, 9 ga Fabrairu, 1978

Zuwa ga abokina Injiniya Muhammadu Sani, ofishin aikin ruwa, Kura. Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, ina gaishe da uwargida Ummulkhairi da yara.

Sani, kai kaɗai zan iya rubuta wa wannan, don mun zauna aji ɗaya, ka san yadda injin yake. Kawu bai yi laifi ba. Ni na busar da alkamar nan.

Ka tuna a watan Oktoba na yi maka alfahari cewa lissafin rabon ruwa da yake cin minti arba'in na mayar da shi minti tara. Abu biyu na yi. Akwai ƙaramin sashe mai lissafin ruwan da rana ke shanyewa, wanda babban shirin ke kira sau ɗaya ga kowace gona. Na cire shi daga harshen Fotiran na rubuta shi da hannuna a harshen inji. Littafin injin ya faɗa ƙarara: duk sashen da aka kira, sai ya adana abin da ya tarar a cikin rijistoci, ’yan wuraren da injin ke riƙe lissafi yana aiki, kafin ya taɓa su, ya mayar kafin ya koma. Na ga wannan ɓata lokaci ne. Na duba abin da kwamfaila, mai fassara Fotiran zuwa harshen inji, ya fitar a lokacin, na ga ba ya ajiye komai a rijista ta tara, sai na ɗauke ta na yi aikina ba tare da adanawa ba. Na gwada, amsa ta fito daidai.

Bayan mako biyu na yi na biyun: na sa kwamfaila ya riƙa fitar da fassara mai sauri. Ban sake gwadawa da gona mai nisa ba. Gonaki biyar na farko na duba, na ga sun yi daidai da lissafin hannu, na rufe.

Da takardar Kawu ta iso, kwamfaila na fara zarga. Har na rubuta wa injiniyan kamfanin da ke Legas cewa kayansu na da lahani. Kwana tara na yi da doguwar takardar da injin ya bugo, na shimfiɗa ta a ƙasa daga ƙofa har bango, ina bin umarni ɗaya bayan ɗaya da jan biro. A rana ta tara na gani. Kwamfaila, don ya yi sauri, ya daina komawa ma'ajiya ɗauko adadin ruwan da ƙasa ke tsotsewa a hanya. Sai ya riƙe shi a rijista ta tara, domin ƙa'ida ta ba shi tabbacin zai tarar da shi yadda ya bar shi. Sashena kuwa yana gama aiki ya bar sifiri a ciki. Saboda haka injin ya yi lissafi kamar ko ɗigo ba ya ɓacewa a hanya. Gonar da ke bakin ƙofa ba ta ji komai ba. Wadda ke mil biyu da rabi, kamar ta Gidaɗo, kusan sulusin ruwanta ya tafi duk mako.

Kwamfaila ya cika alkawarinsa, ni na karya. Gyaran kati biyu ne kacal, cikin katunan da muke ba injin umarni da su. Na huda su da kaina na sa, a tsaye, ko zama ban yi ba.

Ga abin da ya fi damuna. Yau kwana goma sha ɗaya da gano wannan, ban faɗa wa kowa ba. Takardun mako biyun nan da kuka karɓa gyararru ne, na aiko su shiru. Kullum sai na ɗauki biro zan amsa wa Kawu, sai in tuna shi ya goya ni a keke ya kai ni jarrabawar shiga sakandare, in ajiye. Takardar da na sa wa hannu kuwa, wallahi ko minti biyar ban yi ba kafin in sa. Ban san a kansa za ta faɗa ba, amma ban tambaya ba.

Ka faɗa mini halin da ake ciki, kada ka sassauta.

Naka,
Lukmanu

Kura, 14 ga Fabrairu, 1978

Lukmanu, wa alaikumus salam. Mutanen gida lafiya, suna amsawa.

Ka ce kada in sassauta, to ga shi. Shirun da ka yi ya fi kuskuren ɓarna. Wani ma'aikacinmu, Uba, aka ba makullin Kawu. Makon da ya fara aiki sosai shi ne makon da gyararriyar takardarka ta iso. Ruwa ya kai har ƙarshen kanal, kowa ya gani. Yanzu duk garin magana ɗaya ake yi: an cire Sada, ruwa ya zo. Jiya a masallacin Bunkure na ji wani dattijo yana cewa, “Ai Allah ne ya tona.” Kawu yana sahun baya, ya ji. Ya daina zama majalisar bakin kanti, Ummulkhairi kuma ta ce mahaifiyarka ma ba ta je sunan gidan Baballe ba.

Alkamar ƙarshen kanal ba za ta tashi ba, ƙishin ya same ta daidai lokacin da take ɗaukar ciki. Gidaɗo ya saki sauran shanunsa a cikin tasa.

Yanzu ga shawarata, ka ɗauka ko ka bari. Ka rubuto wa babban jami'i cewa an gano lahani a kwamfaila, an gyara. Ba wanda ya san mene ne kwamfaila a nan in ban da ni, ni kuwa ba zan yi magana ba. Kawu zai wanku, kai ma ka tsira. Sunanka yana cikin waɗanda za a tura karatu Ingila a watan Satumba, kuma wasiƙar shaida daga ofishinmu za ta fito. In ka ce kai ne, ka san ba za a rubuta ta ba. Ban ce wannan hanyar ta yi mini daɗi ba. Amma alkama ta riga ta tafi, ban ga amfanin ka bi ta ba.

Ko me za ka yi, ka yi shi a makon nan.

Abokinka,
Muhammadu Sani

Zariya, 20 ga Fabrairu, 1978

Zuwa ga Kawu, bayan gaisuwa ta ladabi da biyayya. Allah ya ƙara maka lafiya da nisan kwana. A gaishe mini da Inna.

Kawu, na sake dubawa kamar yadda ka ce. Takardar da ka bi ita ce ba daidai ba, kuma ni na ɓata ta.

Injin nan ba ya jin maganar mutane, akwai wani shiri a cikinsa mai yi mana tafinta. Yana da ’yan wuraren da yake ajiye lissafi in yana aiki, kuma doka ce duk wanda ya ari wurin ya mayar da abin da ya tarar. Ni na ara ban mayar ba, don in nuna na fi wanda ya rubuta dokar wayo. Abin da na zubar shi ne lissafin ruwan da ƙasa ke sha a hanya. Kai da ba ka taɓa ganin injin ba ka san kanal yana shan ruwa. Takardata ce ta manta.

Akwai abu biyu kuma da nake so ka ji daga bakina. Da aka tambaye ni ko lissafi daidai yake, na sa hannu ban duba ba. Da na gano kuskuren, na gyara a ɓoye na yi shiru mako uku, ina sane da cewa kana gida ba makulli. Na farkon girman kai ne. Na biyun ban sami sunan da zan sa masa ba.

An ba ni shawara in ɗora laifin a kan tafintan injin. Na rubuta takardar ma, ta kwana biyu a aljihuna. Na kasa aikawa, domin irin abin da na yi maka ne sak, wanda ya bi ƙa'ida shi za a sake kamawa. Jiya na aika wa babban jami'i bayani da sunana, na haɗa da shafin da kuskuren yake, na zagaye shi da jan biro. Na roƙi a karanta gaban manoman kanal na uku da Hausa. Na janye ƙarar da na kai kamfanin injin, na kuma faɗa wa shugabana a nan. Ya saurare ni har ƙarshe, sannan ya ce daga yau duk abin da na rubuta sai wani ya duba kafin ya shiga inji. Maganar Ingila bai ɗauko ba, ni ma ban ɗauko ba.

Ina so in zo gida, amma ban san da wane ido zan dube ka ba. In ka ce in dakata, zan dakata. Ina neman gafararka.

Ɗanka,
Lukmanu

Bunkure, 1 ga Maris, 1978

Daga Sada zuwa ga ɗana Lukmanu. Gaisuwa mai yawa. Takardarka ta iso.

An karanta bayaninka ranar Litinin a bakin ƙofar ruwa, Muhammadu Sani ne ya karanta. An mayar mini da makulli. Wasu sun zo sun ba ni hannu. Gidaɗo bai zo ba.

Na yafe maka. Amma ba kai kaɗai ne ba. Mako shida ina ganin alkamar nan tana naɗe ganye, makulli yana hannuna. Shekara talatin ina ban ruwa tun zamanin jigo, na san ƙishi in na gan shi. Gidaɗo ya zo har sau biyu ya ce in ƙara masa ko awa ɗaya. Na hana, don na riga na cika baki a majalisa cewa takardar ɗan ƙanwata ce, ba a yi mata gyara. Wannan ban faɗa wa kowa ba sai kai.

Ka zo ranar Juma'a ta sama. In an sauko masallaci sai mu tafi rugar Gidaɗo tare. Kai za ka fara magana, sannan ni.

Haza wasalam.
Kawunka, Sada