Kabarin da ke gefen gonarmu

Assalamu alaikum 'yan uwa. Admin a taimaka a ɓoye sunana. Don Allah ku ba ni shawara, wallahi na gaji, ko abinci ba na jin daɗinsa yanzu.

Ni malamin tarihi ne a wata sakandare a Birnin Kebbi, ina kuma karatun mastas. Da aka ce kowa ya zaɓi abin da zai yi bincike a kai, sai na zaɓi annobar amai da gudawa da aka taɓa yi a garinmu, tun muna ƙarƙashin jihar Sakkwato. Garin yana tsakanin Argungu da Augie, ba zan faɗi sunansa ba. Lokacin ina goye, ban san komai ba, na dai taso na ji cewa yayata mace ta rasu a cikinta, kuma Innarmu ba ta son a tayar da zancen. Na ɗauka aiki ne mai sauƙi, in zauna da tsofaffi su yi ta ba ni labari ina naɗa a waya.

Sun kuwa ba ni. Yadda aka bar shinkafa ta nuna a fadama babu mai yanka, yadda ake dawowa daga maƙabarta a tarar da wata gawar tana jira, har muryar liman ta dushe. Amma na lura da an zo kan mai kemis sai kowa ya canja magana. Daga baya wata tsohuwa maƙwabciyarmu ta gaya mini. Wani mutumin kudu ne da ya daɗe a garin, shi kaɗai ke da shagon magani, da ciwon ya yi tsanani shi ke bi gida-gida yana ba mutane abin da ya sawwaƙa. Sai magana ta bazu cewa maganinsa ne ke kashe mutane. Samari suka ƙone shagon, suka yi masa dukan da bai tashi ba. Matarsa ta tsere da ƙaramar 'yarsu a cikin motar albasa.

Na yi ta cigiya har na gano 'yar. Ashe ta dawo bayan ta yi aure, tana unguwar Nasarawa a nan Birnin Kebbi, tana da shagon kayan masarufi, kullum ta gabansa nake wucewa in zan tafi makaranta. Hausarta irin tamu ce sak. Na je da fargaba, amma matar nan ta ba ni kujera, ta sa aka kawo mini ruwan sanyi. Ta ce ita abin da take tunawa hayaƙi ne, da hannun mamarta a kan bakinta. Ta ce, "Malam, ni ba rigima nake nema ba, nan ne garina, nan na haifi 'ya'yana. Mamata tana can gida kudu ta tsufa, har yau tambayarta ɗaya, shin an rufe shi ko jefar da shi aka yi. In ka ji wani abu a bincikenka ka gaya mini." Na yi mata alkawari.

Da na je gida ƙarshen mako sai na tambayi Inna, ni a tunanina ko ta taɓa jin inda aka kai gawar. Tana tsince shinkafa a faifai, sai ta ajiye. Sannan ta ce, "Ni ce na hwaɗa." Ban gane ba sai da ta yi bayani. Ranar da yayata ta cika, mai kemis bai daɗe da ba ta magani ba, Inna ta fito ƙofar gida ba ko mayafi tana kururuwa cewa mai kemis ya kashe mata ɗiya. Daga bakinta maganar ta tashi. Ta ce hankalinta ba ya jikinta, kafin ta dawo hayyacinta an riga an gama. Da mutane suka ƙi a kai shi maƙabarta, marigayi Babanmu ne ya ɗauke shi a amalanke ya rufe shi a gefen gonarmu ta fadama, wurin da tun muna yara ake hana mu shuka, mu kuma muka ɗauka iskoki ne.

Tun ranar ban sake samun natsuwa ba. Yayana babba da ya ji, faɗa muka yi sosai, ya ce boko ya lalata mini kai, zan tona wa uwarmu asiri saboda takardar digiri, kuma yadda zamani ya zama magana kaɗan ke tayar da fitina, in har na kai matar nan gonar to babu ni babu shi. Malamin da ke duba aikina kuwa cewa ya yi wannan shi ne zuciyar binciken, in sakaya sunaye kawai. To a garinmu wa zan sakaya wa? Ni digirin ma ya fita raina.

Abin da ya ƙara ɗaure ni, Inna da kanta ta kira ni ta ce, "Ka kawo min ɗiyar ga. Na gaji da ɗaukar abin ga, in hwaɗa mata da bakina kahin in mutu." Ga ta da hawan jini, tun ranar da muka yi maganar ƙafafunta suka kumbura, likita ya ce a guji duk abin da zai tayar mata da hankali. Kuma ban san yadda matar za ta karɓa ba, wanda ya ce ba ya neman rigima bai ji sunan wanda ya jawo ba tukuna.

To 'yan uwa ya zan yi? In nuna mata kabarin in ce ban san sauran ba, alhali gonarmu ce, dole ta tambaya? In haɗa ta da Inna a bayan idon yayana? Ko in yi shiru, waccan tsohuwar ta mutu ba ta san an rufe mijinta ba? Na canja hanyar zuwa makaranta don kada mu haɗu da 'yar mai kemis ɗin. Ina cikin rubuta wannan ma kiranta ya shigo, ina kallo har ya tsinke.