Lambar Kunnen Wule

Gangara, Litinin

Zuwa ga Ridwanu, malamin lissafi a lakol, wato makarantar Agye.

Bayan gaisuwa, da fatan alli bai gama cinye maka yatsu ba. Wanka Jaye ne, matata Mero ke rubutawa.

An sace Wule, ita kaɗai ta rage cikin shanun marigayi Baffa. Na bi sawu har kasuwar Gidan Rumji, na same ta hannun wani Barmo. Ya cire lambar allurar da ke kunnenta, yana rantsuwa wai a garkensa aka haife ta. Jandarma sun tsare ta. Sun ce nan da Lahadi in faɗa musu lambar a duba littafin masu allurar dabbobi, domin da lamba ake nemo sunan mai dabba. In ba haka ba, su mayar masa da ita. Takardar allurar Wule kuwa, mai ɗauke da lambar, gara ta cinye.

Inna ce ta matsa in sanar da kai. Ni dai ban ga abin da mai gudun ɗan maraƙi zai tsinana mini ba.

Ka huta lafiya.
Jaye

Agye, Laraba

Hamma Jaye,

Gaisuwa mai yawa gare ka da Inna. Yatsuna lafiya lau, na gode da kulawa.

Ka tuna Sallar bara a bakin rijiya? Na kama kunnen Wule na ce lambar nan abin mamaki ce, kai kuwa ka tara mutane su zo kallon mahaukacin da ke karatu a kunnen saniya. Har Barmon naka, da yana nan, da ya yi dariya.

To ga abin da ka hana ni faɗa. In ka ninka lambar sau biyu, ko uku, har zuwa shida, alƙalumanta shida ne ke dawowa, wuri kawai suke sauyawa. In ka ninka ta sau bakwai, tara ce ke jeruwa guda shida. Don haka ban wahalar da kaina da haddace ta ba. Na rubuta 999999, na raba gida bakwai: 142857.

Ka kai musu. Ba sai ka gane ba, a ba Mero ta karanta.

Ƙaninka,
Ridwanu

Gangara, Juma'a

Ridwanu,

Muna gaisuwa. Wato ma ba ka riƙe lambar ba, ƙago ta ka yi da alli! Kai, Allah wadaran karatun da ke sa mutum raba tara don ya nemo saniya. Zan je, don ba ni da wata. Amma wallahi in jandarma suka yi mini dariya gaban ɓarawon nan, kada ka ƙara taka rugarmu.

Sai ka ji ni.
Jaye

Gangara, Talata

Ridwanu,

Bayan gaisuwa. An buɗe littafi, ga sunan Baffa, ga kamannin Wule a rubuce: farin goshi da karyayyen ƙahon hagu. Barmo yana hannunsu. Wule tana gida.

Kada kanka ya kumbura, har gobe ba ka iya tatsa ba. Wule tana da ciki. Abin da ta haifa naka ne, tun da Baffa bai bar maka ko kofato ba, ni ma ban ba ka ba. Ka zo ka riƙe kunnen uwar yadda ka ga dama, ba mai yin dariya.

Wanka,
Jaye

Ridwanu, Mero ce. Sau uku ya sa ni in ninka masa lambar sau bakwai.