Na Shafe Jan Fentinsu Sau Biyu

Anti, ki taimake ni, kaina ya kulle. Ciwon ƙafa ne ya hana Inna hawa bene, sai na ƙara mata ɗaki a ƙasa, ta bayan gida. Wurin ya yi kaɗan. Maginina, wanda muke kira Injiniya, ya ce mu ɗan ci taku uku a kan magudanar ruwa, mu rufe ta da siminti. Da na yi maganar takardar izini, dariya ya yi, wai wannan na masu gina otal ne.

Ruwan farko da aka yi, wai ya shiga ɗakin maƙwabcina ya jiƙa ɗinkin mutane. Wani tela ne, ɗan baƙin ciki, ko kejin kaji bai taɓa ginawa ba. Shi ya kai ƙara. 'Yan hukumar tsara gari suka zo da takalmansu masu sheƙi, suka zabga mini jan fenti a bango kamar gidan ɓarawo. Na shafe, suka sake, na sake shafewa. Yanzu sun ba ni mako biyu in kawo takardar izini, ko su rushe ɗakin. Inna ta riga ta tare, kullum sai ta sa mini albarka, na kasa gaya mata. Gidana ne fa, Anti!

Ɗan Inna

Ɗan Inna, niyyarka mai kyau ce, amma aikinka wauta ce tsagwaronta, kuma ko kunya ba ka ji ba. Telan da ka raina ka jawo masa asara, kai kana can kana wasan fenti da hukuma.

Gidanka ne, amma magudanar ba taka ba ce. Shafa fenti, sa tayil, sauya ƙofa, a yawancin wurare ba mai tambayarka. Ƙarin ɗaki kuwa, ko ɗora bene, ko taɓa iyaka da hanyar ruwa, sai da zane da izini. Injiniyan naka ya sani sarai. Kira shi yanzu ka ga ko zai ɗaga.

Ajiye burushin nan. Je ka ba tela haƙuri, ka nemo mai zanen gini na gaske, ku kai takardu kafin wa'adi ya cika. Taku ukun nan ka cire su daga ranka, wataƙila sauran ɗakin ya tsira.

Amma tun yau ka gyara wa Inna falo, ka gaya mata gaskiya da bakinka. Tsohuwar da ba ta iya gudu ka kwantar a kan hanyar ruwa, ga damina ta kankama. Allah ya ba ta lafiya, kai kuma ya ba ka hankali.