Mai Danna Maɓalli a Zauren Safe

Zuwa ga Zakara,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, kai da 'yarka. Mai Agogo ne. A bayan katin da ka taɓa aiko mini na samo adireshinka, don shekara da shekaru muna hira ta oba-oba, rediyon nan namu na magana, ban san fuskarka ba balle ƙofar gidanka.

Malam, ina ka shiga? Zauren safe, hirarmu ta kan layi, ya koma kamar gidan makoki. In na buɗe shagona na kunna na'ura, ina kiran mutane ɗaya bayan ɗaya kamar kullum. Direba ya yi ƙorafin hanya, Malamin Lissafi ya yi tarinsa, in na zo kanka sai shiru. Kai da ba ka bari a gama sallama ka fara cara!

Ga kuma wata masifa. Wani ɗan iska ya gano layinmu. Da na kira ka sai ya danne maɓallin makirfo, ya toshe kowa, ba ya cewa uffan, sai huci. Na yi lallashi, na yi zagi. Jiya raina ya ɓaci, na ce in bebe ne ya nemi zauren bebaye, nan filin masu murya ne, kuma Allah ya toshe masa maƙogwaro yadda yake toshe mana layi. Da kana nan da ka wanke shi tas.

Ka aiko da ko layi biyu. Na gaishe ka.

Mai Agogo

Zuwa ga Baba Mai Agogo,

Wa alaikumus salam. Ina gaisuwa da girmamawa. Ni ce 'yar Zakara. Babana ya karanta wasiƙarka, ya ninke ta, ya juya fuskarsa bango. Bai san na rubuto ba.

Baba, mai danna maɓallin nan shi ne. Ciwon daji ya kama masa maƙogwaro, likitoci suka cire wurin muryar. Yanzu ta wata 'yar ƙofa a wuyansa yake numfashi, hucin da kuke ji ke nan. Harshen ƙwanƙwasar nan da wasunku ke aika saƙo da shi ta danna maɓalli bai taɓa koya ba, cewa yake aikin maƙera ne. Kullum da safe sai in zaunar da shi gaban na'urar, ya gyara hularsa kamar za ku gan shi, in ka kira shi ya danna. Amsa gaisuwarka yake yi.

Da farko zagin naka dariya yake ba shi, kafaɗunsa na rawa. Ranar da ka ambaci bebaye bai yi dariya ba. Ya zare wayar daga bango, ya rufe na'urar da tawul. Tun daga ranar ko ruwa sai na yi da gaske yake karɓa.

Ba zan ɓoye maka ba, na ji haushinka ƙwarai. Amma ba shi da wasu abokai sai ku. Ka kira shi ya dawo, sai dai kada ka gaya wa kowa halin da yake ciki. Ya fi tsoron tausayi a kan mutuwa.

Ka huta lafiya.

'Yar Zakara

'Yata,

Salamu alaikum. Wasiƙarki ta tsinka mini zuciya. Da bakina na yi wa aminina wannan addu'a! Na kasa taɓa agogon kowa ranar.

Ban faɗa wa kowa ba. Kullum in na zo layinsa sai in ce, "Mai maɓalli, in kana ji, danna sau ɗaya, wurinka na nan." Direba har ya ce, "Mai Agogo, kai ma ka fara sakin layi ne? Jiya zagi, yau roƙo?" Na ƙyale shi. Kwanaki ina yi, ba amsa.

To, yau Talata, alhamdu lillahi, ya danna! Na ce, "Ka yafe mini? In ka yafe, ƙara sau ɗaya." Sai na ji ƙyas. Wallahi na yi kuka a gaban agogunan mutane. Ki gaya masa gobe shi zan fara kira. Allah ya yi miki albarka, ya ba shi sauƙi.

Babanki, Mai Agogo

Baba,

Ina gaisuwa. Babana ya rasu ranar Litinin da rana, tawul ɗin na kan na'urar. Bai ji kiranka ko sau ɗaya ba. Na roƙe shi mu kunna, ya girgiza kai.

Ranar Talata ni ce. Ɗakin ya yi mini shiru, na kunna, na ji kana roƙo, na danna maɓallin. Dannawa ta biyun ma tawa ce, don ba zan iya barin ka da tambayar ba. Amma ko shi ya yafe, ban sani ba. Bai rubuta komai ba.

Yanzu kana iya gaya musu. Ka yi masa addu'a, kuma don Allah ka daina kiran layinsa. Ina jin ka kowace safiya.

'Yar Zakara