Mma, Na Gyara Birkin Baya

Zuwa ga mahaifiyata, Hajiya Sanatu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa irin ta ɗa ga uwa, da fatan makwancinki na cike da haske, ina sanar da ke a gaban duk masu karanta wannan shafi cewa jiya ni, Malam Yakubu, malamin tarihi, na tura motona, wato babur ɗina, har wajen fita, makanikin nan na unguwar Kalpohin, aka gyara birkin baya. Ki zauna da kyau kafin ki yi guɗa, don labarin yana da tushe.

Kin tuna ba ki taɓa hawa moton nan ba. Kin gwammace ki taka da ƙafa zuwa kasuwa, ina binki a hankali ina yi miki lacca cewa birkin gaba ya ishi mai hankali. Amsarki ba ta canzawa: "Ranar da ɗayan ya gaji fa, Yakubu?"

To, Mma, takwararki ta zo. Bayan dogon jiran da kika tafi kika bar mu a ciki, matata Memuna ta haifi mace, muka sa mata sunanki, muna kiranta Ummi. Ranar Sallah uwarta ta yi ta ɗaukarta hoto da waya, ni kuma ina tsokanarta cewa yarinyar za ta girma ta ɗauka wayar ce ubanta. A cikin hotunan Memuna ta ga tsakiyar idon Ummi na hagu ya yi fari yana ƙyalli, kamar idon kyanwa. Hoto bayan hoto, idon nan dai.

A take na tuna da naki idon na hagu, wanda aka cire miki kina ƙarama. Dangi sun ce kaza ce ta tsoke ki, wasu suka ce baki ne. Kullum da safe sai ki zizara kwalli a duka biyun, har da wanda babu, ki ce kada ya ji an ware shi.

Daga asibitin nan Tamale aka tura mu Ankara, babban birnin ƙasarmu Gana. Likitar ido, wata mata mai haƙuri da tambayoyina, ta ce ciwon daji ne a can bayan idon. Da ta fara bayani, sai ga ni ina gyara zama kamar ɗalibi.

Ta ce a cikin kowace ƙwayar jikinmu akwai wasu zarurruka da ake kira kuromosom, biyu-biyu suke, ɗaya daga uwa, ɗaya daga uba. A kan na goma sha uku akwai wani umarni da aikinsa kawai ya ce wa ƙwaya, tsaya haka, kin rabu ya isa. Kowa na da shi guda biyu. Idan ɗaya ya lalace, ɗayan ya riƙe. Amma akwai wanda ake haifa ɗaya ya riga ya lalace, ko ma guntun zaren ya ɓace gaba ɗaya. Irin wannan yaron, da zarar na biyun ya sami matsala a ƙwaya ɗaya tak cikin ido, sai ta yi ta rabuwa babu mai tsayar da ita.

Daga nan sai ta tambaye ni ko ina hawa moto. Ta ce in ɗauka birki biyu ne. Mma, na rantse na ji dariyarki a ɗakin nan.

Bai ƙare ba. Da na ba ta labarinki, ta ce in zauna ta leƙa nawa idon. Ta sami wani ɗan tabo a ciki, alamar abin ya taɓa tasowa ina jariri, ya tsaya don kansa. Gwajin jini ya tabbatar. Wato ni da ke yawo da birki ɗaya a titi, ashe haka nake yawo da shi a jikina tun ranar da kika haife ni. Daga ke zuwa ni, daga ni zuwa Ummi. An wanke kaza daga zargi.

Watannin da suka biyo baya ba su da daɗi. Maganin da ake ɗura mata ta jijiya ya zubar da ɗan gashinta, motar Ankara ta san bayanmu, Memuna ta rame. Kowace tafiya tambayarmu ɗaya ce: za a cire idon ko za a bar mata?

Makon jiya likitar ta fito tana murmushi tun daga ƙofa. Ƙarin dajin ya motse, sun ƙone sauran da hasken na'ura. Wani ɗan ɗigo da ya fara tasowa a idon dama ma sun kama shi tun bai kai ko'ina ba, don yanzu sun san inda za su duba. Ba za a cire ba, Mma! Za a ci gaba da duba ta har ta girma, kuma na hagun ba zai yi gani sosai ba, amma yana nan, nata ne. Yau da safe ta bi ƙadangare da ido daga bakin ƙofa har kan katanga, ni kuma na tsaya ina tafi kamar an ci ƙwallo.

Na so a ce kina nan ki zizara mata kwalli a duka biyun. Na so a ce wani ya zaunar da ke tun kina yarinya ya gaya miki ba laifinki ba ne, ba kuma bakin kowa ba ne.

Allah ya jiƙanki, ya yalwata kabarinki, ya tashe ki da idanu biyu masu ganin Aljanna. Ya raya mana takwararki cikin lafiya.

Game da tambayar nan taki kuwa, ke ce da gaskiya. Ɗaya bai isa ba.

Ɗanki mai taurin kai,
Yakubu